Mai ɗaukar nauyinmu ya janye: mu koma gama-kai ko mu ci gaba da neman gudummawa?

Uwar Dandamali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Shekara shida kenan muna tafiyar da wata 'yar ƙungiya ta wasan dandamali da zane, muna koyar da yara ma lokacin hutu. Tun farko mutum ɗaya ne yake ɗauke da fiye da rabin abin da muke kashewa, haya da wuta da ɗan alawus ɗin masu koyarwa, sauran kuma kuɗin tikiti ne da abin da muke haɗawa a junanmu. To bara muka shirya wasa a kan yadda ake korar 'yan haya daga gidaje, ya zo ya kalli gwaji, bayan kwana biyu ya kira ni ya ce a cire fitowa ta uku. Muka zauna muka ce ba za mu cire ba. Bai yi faɗa ba wlh, bai zagi kowa ba, sai da lokacin sabunta alkawari ya zo ya ce hidima ta yi masa yawa. Kuɗinsa ne, ban riƙe shi a rai ba. Amma yanzu mun rabu biyu, wasu sun ce mu buɗe asusun gudummawa kowa ya riƙa sa abin da ya samu duk wata, wasu kuma sun ce mu yi rijista a matsayin ƙungiyar gama-kai kowa ya sayi hannun jari ya zama namu gaba ɗaya. Wata uku ya rage mana a haya. Wanda ya san harkar nan ya taimaka.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai gama-kai kawai. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, yau fitowa ta uku ce gobe wasan ne gaba ɗaya. Mu a ɓangaren hoto muna da misali babba, ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum, tun 1947 su Robert Capa da Henri Cartier-Bresson suka kafa ta saboda sun gaji da mujallu suna mallake hotunan da su suka sha wuya suka ɗauko, har yau mambobin ne suke ƙuri'a a kan wanda zai shiga. Akwai Stocksy ma mai sayar da hotuna ta intanet a Kanada tun 2013, masu hoton ne masu kamfanin.

Tsohon Akawu: Sannu 'yata, Allah Ya kawo mafita. Kafin a yi nisa ina so a raba abu biyu da na ga ana cakuɗawa. Tambayar wa ke da iko daban, tambayar daga ina kuɗi zai fito daban. Gama-kai amsar ta farko ce. Idan kun sayar da hannun jari, kuɗin sau ɗaya zai shigo, ita kuwa haya duk shekara take dawowa. Na sha ganin ƙungiyoyi sun tara jari sun cinye shi a biyan albashi cikin shekara ɗaya, daga nan sai kallon-kallo.

Mai Kyamara: Baba ai za a riƙa samun riba daga tikiti

Tsohon Akawu: Ɗana da wuya. Akwai wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Baumol da Bowen, da suka yi bayanin wannan tun 1966. Masana'anta tana iya sayo inji mutum ɗaya ya yi aikin mutum goma, amma kiɗan da aka tsara don mutum huɗu yau ma sai mutum huɗu, kuma minti nawa yake ɗauka shekara ɗari biyu da suka wuce haka yake ɗauka yanzu. Alhali kuwa dole albashin makaɗan ya bi tsadar rayuwa. Shi ya sa kuɗin shirya wasa yake ta hawa, tikiti ba ya iya kamo shi sai dai in za a tsauwala har masu kallo su gudu. Wannan giɓin shi ne gudummawa take cikewa, ko waye mai gidan.

Ɗan Kiɗa: Maganar Baba gaskiya ce kuma ga shaida. Ƙungiyar makaɗa ta London Symphony a 1904 aka kafa ta, makaɗan ne suka fice daga wata ƙungiya saboda an hana su turo wakili in suna da wani aikin, suka kafa tasu, ba albashi, ƙarshen kaka a raba abin da aka samu. Sun yi wajen shekara arba'in a haka. Bayan yaƙin duniya na biyu da suka buƙaci tallafin gwamnati sai aka ce sharaɗi shine su bar rabon ribar nan, kuma suka bari. Har yanzu su ke mulkin kansu amma kuɗi yana zuwa daga tallafi da masu gudummawa da tikiti da faifai duka. Kaga kenan ko su basu tsira daga neman taimako ba.

Uwar Dandamali: Toh ni abinda ke damuna kenan. In dai dole sai mun nemi gudummawa ko mun zama gama-kai, meye amfanin wahalar rijista da lauya da sauransu?

Malamar Tarihi: Amfaninsa Yaya shine ranar da mai kuɗi zai ce a cire fitowa ta uku, ba ke kaɗai zai kira a waya ba. Za ki ce masa ba ni da wannan ikon, sai taron mambobi. Wannan kariya ce babba, kuma kin ga yadda ya faru da ku ai ke aka kira, ke kika ɗauki nauyin a ka.

Kuma ina so mu daina ganin kamar matsalar babban mai bayarwa ta tsaya a katsalandan. Wani lokacin ba ya ce miki komai, sunansa ne yake zame miki kaya. Iyalan Sackler sun shekara da shekaru suna zuba kuɗi a manyan gidajen tarihi, an rubuta sunansu a bango, sai ga maganar maganin OxyContin na kamfaninsu Purdue da yadda ya jefa mutane cikin jaraba. Mai ɗaukar hoto Nan Goldin ta jagoranci zanga-zanga a cikin gidan tarihi na Met da ke New York a 2018, gidan tarihi na Louvre a Paris ya cire sunan a 2019, Met ma ta cire a 2021. Haka kamfanin wasan Royal Shakespeare a Ingila ya rabu da kuɗin kamfanin mai na BP a 2019 bayan matasa 'yan makaranta sun ce za su ƙaurace. Sannan wanda ya fi taɓa ni, kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961, wurin da ya tara marubuta da masu zane na gaske, kuɗinsa ya biyo ta hannun wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, sai a wajen 1966 zuwa 1967 aka bankaɗo cewa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ce ke bayan wannan ƙungiyar. Aikin da suka yi mai kyau ne ba wanda zai goge shi, amma ka yi tunanin ka wayi gari ka ji haka.

Jiki Magayi: Ku yi haƙuri zan ɓata muku lissafi. Ni na zauna a cikin irin wannan gama-kai ɗin shekara huɗu, mu goma sha ɗaya ne masu zane da sassaƙa muka kama wuri tare, kuma abinda ya kashe mu ba rashin kuɗi bane mitin ne. Komai sai an yi mitin, kalar fentin ƙofa sai an yi mitin, mutum uku ne ke share wurin su biya kuɗin wuta su bi masu saye, sauran takwas sai ranar ƙuri'a za ka gansu kuma ƙuri'arsu daidai take da ta wanda ya kwana a wurin, ranar da muka ce a ba wa waɗanda ke aikin ɗan wani abu sai aka kayar da mu, ɗaya bayan ɗaya masu aikin suka zame har ni, wata shida bayan nan aka rufe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake don wurin yana da kyau kuma mutane suna zuwa. Don haka Hajiya ki yi tunani sosai, wanda bai shiga ba shi yake ganin abin kamar aljanna.

Mai Kyamara: Yaya wannan ai matsalar mutanenku ce ba ta tsarin ba

Jiki Magayi: A'a ƙanena mutanen kirki ne wallahi, har yanzu muna zumunci. Tsarin ne bai bambance mai aiki da mai suna a takarda ba. Kuma Magnum ɗin da kake faɗa ai ba kowa ke shiga ya samu ƙuri'a ranar farko ba, mataki-mataki ne sai ka shekara da shekaru ana duba aikinka, kuma a 2017 su ma sun karɓi kuɗin masu zuba jari daga waje ta wani reshe da suka buɗe.

Mai Kyamara: Eh wannan haka ne

Ɗan Kiɗa: Ƙari a kan maganar Yaya Jiki Magayi, mulkin mambobi yana da wani ciwon kuma, su kan rufe ƙofa. Makaɗan Vienna Philharmonic su ke mulkin kansu tun ƙarni na 19, kuma da ƙuri'arsu suka hana mata zama cikakkun mambobi har sai 1997. Ba wani attajiri ya tilasta musu ba su ne da kansu. Na Berlin kuma a watan Mayun 2015 sun kwashe sama da awa goma a ɗaki suna neman zaɓen shugaban kiɗa suka tashi ba matsaya, sai a watan Yuni suka zaɓi Kirill Petrenko. Ni dai duk da haka na fi son a daɗe ana gardama da a wayi gari wani ya naɗa mana shugaba, amma a san da shi.

Malamar Tarihi: Wannan na Vienna ya kamata duk mai rubuta dokar ƙungiya ya riƙe shi. Ƙa'idar farko a cikin bakwai ɗin da ƙungiyar gama-kai ta duniya ta amince da su a 1995 ita ce ƙofa a buɗe take ga duk wanda zai ɗauki nauyin zama mamba, ba wariya. A lura, wanda zai ɗauki nauyi. Su masaƙan garin Rochdale a Ingila da ake jingina asalin gama-kai gare su, su 28 a 1844, fam ɗai-ɗai suka tara, kuma su da kansu suke tsayawa a kantin bayan sun tashi daga aiki.

Sabuwar Marubuciya: slm, ni sabuwa ce a nan amma inaso in ce wani abu akan gudummawar wata-wata ɗin. Ina da masu tallafa min ta intanet su kaɗan ne amma sun fi shekara biyu basu fasa ba, kuma abinda na lura shine wanda ke bada kaɗan baya taɓa ce min rubuta kaza. In mutum ɗaya ya tafi bana ji sosai. Matsalar kawai aiki ne, duk wata sai ka nuna musu abinda kayi, ka gode, ka amsa saƙo, wani lokacin har ya cinye lokacin rubutun.

Tsohon Akawu: Sannu da zuwa 'yata. Abin da kika faɗa shi ne zuciyar lissafin. Mutum ɗari masu ba da ɗai-ɗai sun fi mutum ɗaya mai ba da ɗari aminci, ko da jimillar daidai take. Sai dai tara mutum ɗarin yana cin lokaci, kuma su wata uku gare su.

Ɗan Kiɗa: Kuma a yi hattara da manhajojin nan. Patreon, ta karɓar gudummawar wata-wata, mawaƙi ne ma ya kafa ta a 2013, amma a Disambar 2017 suka tashi canza yadda ake cire kuɗin hidima ya koma kan masu bayarwa, masu bada dala ɗaya suka fara guduwa, sai da aka yi ca a kansu suka janye. Bandcamp ta sayar da waƙoƙi da muka ɗauka gidanmu ne aka sayar wa kamfanin Epic Games a 2022, shekara ta zagayo aka sake sayar wa Songtradr aka sallami kusan rabin ma'aikata. Kayan aro baya rufe katara. Duk inda kuka karɓi kuɗi ku tabbata sunayen masu bayarwa da hanyar samunsu suna hannunku ba hannun kamfani kaɗai ba.

Sabuwar Marubuciya: Kickstarter ta tara gudummawa a intanet fa? naji ance in baka kai adadin da ka sa ba ba'a baka komai

Ɗan Kiɗa: Haka ne, ko duka ko babu, kuma suna cire kashi 5 banda kuɗin banki. Ya dace da aiki guda ɗaya mai farko da ƙarshe kamar shirya wasa ɗaya, bai dace da haya ba. Kuma ba daga kowace ƙasa ake iya buɗewa ba sai a duba.

Uwar Dandamali: Nagode sosai wlh ina ta rubutawa. Yaya Jiki Magayi maganarka ta tsaya min a rai don mu ma haka muke, mu huɗu ne ke kwana a kan aikin cikin mu goma sha biyar. In da za ka koma baya me za ka gyara?

Jiki Magayi: Abu uku Hajiya. Zama mamba ya zama da sharaɗin aiki, awa kaza a wata, wanda bai yi ba wata uku a jere ƙuri'arsa ta tsaya har ya dawo. Na biyu a rubuta ƙarara me taro ke yankewa me manaja ke yankewa, taro ya tsaya a kasafin kuɗi da zaɓen shugabanni da ɗaukar sabon mamba, sauran a bar wa wanda aka ɗora. Na uku kuma wanda ya fi min ciwo, a biya masu aikin ofis ko kaɗan ne tun ranar farko, a sa shi a doka kar a bari sai an zo ana roƙo a mitin.

Malamar Tarihi: Akwai tsarin da Faransa ta fito da shi a 2001 da ake kira SCIC, yana magance wani ɓangare na wannan. Mambobi kala-kala ne a ƙungiya ɗaya, ma'aikata, masu amfana, da masu tallafi, kuma ana iya kasa ƙuri'a rukuni-rukuni yadda ba rukunin da zai wuce kashi 50 ko ya gaza kashi 10. Sannan aƙalla kashi 57.5 na rarar kuɗi dole ya shiga asusun da ba a rabawa. Ko dokar inda kuke ba ta da irinsa, kuna iya aron tunanin a kundinku, masu kallo da iyayen yara su samu murya a kan kuɗi da amfani da wurin.

Mai Kyamara: Amma Malama in masu kallo suka samu ƙuri'a ba mun koma gidan jiya ba? Maimakon mutum ɗaya ya ce a cire fitowa ta uku sai mutum ɗari biyu su ce a cire

Malamar Tarihi: Tambaya mai kyau ƙanena, kuma ni a nan ba na sassauci. Abin da za a nuna a dandamali ba a kai shi ƙuri'ar masu ba da kuɗi, manya ne ko ƙanana. A rubuta shi a kundi da manyan baƙi, a kuma gaya wa kowa kafin ya sa sisinsa. Wanda bai yarda ba ya riƙe kuɗinsa tun wuri, an rabu lafiya.

Jiki Magayi: A takarda yana da sauƙi. Ranar da mutum hamsin suka daina biya saboda wasa ɗaya za ki ga yadda 'yan kwamiti ke fara cewa a ɗan sassauta

Malamar Tarihi: Zai faru, ban musa ba. Shi ya sa ake ajiye na wata shida a gefe, don ranar da aka yi fushi da ku ku iya jira fushin ya huce.

Tsohon Akawu: Bari in kawo maganar wuri, don ita ce take kashe yawancin ƙungiyoyi. A Ingila akwai hannun jarin al'umma da ake sayen gidajen wasa da sinima da shi. Ko nawa ka sa ƙuri'arka ɗaya, ba ka iya sayar wa wani don cin riba, sai dai ka nemi ƙungiya ta mayar maka da kuɗinka in tana da hali, kuma ana iya kulle kadarar yadda ko an rushe ƙungiyar ba za a raba ta ba, sai a miƙa wa wata mai irin manufar. Wannan kullewar ita ce ke sa baƙo ya saki jiki ya ba da gudummawa, don ya san ba aljihun mutum goma sha biyar yake cikawa ba. Sinimar La Clef a Paris ma kusan haka aka yi, masu son ta suka mamaye ta a 2019 da aka tashi sayarwa, aka fitar da su a 2022, suka ci gaba da tara gudummawa har suka saye ginin a 2024, suka sa shi a hannun wani asusu na musamman, masu gudanarwa daban mai ginin daban. Shekara biyar suka yi a kai.

Kamfanin fim na United Artists kuwa, da su Charlie Chaplin da Mary Pickford suka kafa a 1919 don 'yan fim su mallaki aikinsu, hannun jari ne na kowa da nasa wanda ake iya sayarwa. A tsakiyar shekarun 1950 su biyun suka sayar da nasu, 1967 kamfanin ya koma hannun Transamerica, masu harkar inshora da kuɗi.

Uwar Dandamali: Baba mu ai ko kusa bamu kai sayen gini ba

Tsohon Akawu: Na sani 'yata, na kawo ne don ki sa sharaɗin kullewar tun yanzu da ba ku da komai. Yau kowa zai sa hannu da murna. Ranar da kuka mallaki kayan sauti da fitilu da suna, a lokacin ne wani zai tuna yana da kaso.

Ga yadda nake gani a wata ukun nan. Ku fara da gudummawar wata-wata gobe-gobe, ku fara da iyayen yaran da kuke koyarwa da waɗanda suka taɓa sayen tikiti fiye da sau ɗaya, ku gaya musu gaskiyar adadin da ake buƙata. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu, duk ƙarshen wata a fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita kowa ya gani har da rasit. Maganar rijistar gama-kai ku ɗauki lokaci ku rubuta kundin da kyau tare da lauyan da ya san dokar ƙasarku, don a wasu wuraren ƙungiyar da ke raba riba ba ta samun sassaucin harajin da ake ba ƙungiyoyin agaji, kuma wasu masu ba da tallafi ba sa ba ta. Kuma ku sa wa kanku iyaka, kada mutum ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kasafinku.

Jiki Magayi: Baba in wani ya zo da abinda ya fi haka a daidai lokacin da mai gida ke buga ƙofa fa? a mayar masa?

Tsohon Akawu: A karɓa, a sa abin da ya haura iyakar a asusun ajiya, kada a gina albashin kowa a kansa. Kuma a rubuta yarjejeniya cewa kyauta ce ba sharaɗi.

Sabuwar Marubuciya: Anti in kun buɗe ku sa mafi ƙarancin abinda za'a iya bayarwa ya zama kaɗan sosai dan Allah, ɗalibai suna so su shiga amma kunya suke ji in adadin yayi yawa

Uwar Dandamali: In sha Allah ƙanwata. Ranar Asabar muke da zama, zan kai musu maganar asusun da fitar da lissafi duk wata da iyakar kashi ɗaya cikin biyar, waɗannan nasan za su wuce. Wadda nake tsoro ita ce ta sharaɗin awannin aiki, don cikin waɗanda basa zuwa akwai mutum biyu da muka kafa ƙungiyar tare, ɗaya ma ita ta rubuta wasanmu na farko, yanzu jinyar mahaifiyarta take. Ban san yadda zan kalle ta in ce ƙuri'arki ta tsaya ba.

Jiki Magayi: Ki sa uzuri a dokar Hajiya, jinya da haihuwa da rasuwa, taro ya amince na wata shida ana sabuntawa. Kuma ki kira ta kafin Asabar ki karanta mata da bakinki, kar ta fara ji a wurin zama. Ɗayan fa, shi meye uzurinsa?

Uwar Dandamali: Shi kam babu, aiki ya samu a wani wuri. Zan kira su duka biyun yau da daddare.